Turaren da Kika Zaɓa, Aliya

Na Allah muke, kuma gare Shi komawarmu take. Mai aro Ya karɓi abinsa. Ranar Talata, tara ga watan Satumba na shekarar 2003, cikin watan Rajab, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Aliya 'yar Muhammad Sani, matar Malam Mainasara na unguwar Mayo, wadda duk mai shiga mota a Suk al-Shabi, babbar tashar Khartum, ya sani da Aliya mai shayi. Ta rasu a Omdurman bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda, aka yi mata sutura a can bayan sallar la'asar. Ta bar mijinta, da 'yarta guda, Mawahib, da jikoki, da mutane masu yawa waɗanda kowannensu ke ganin shi ne na kusa da ita.

Ni ce Kubra, maƙwabciyarta, mai haɗa humra. Ni ma ina cikin masu ganin hakan, sai dai ni da hujjata. Ɗana Abubakar Sadiƙ ne ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa. Ya ce mini akwai maganganun da ba a sa su cikin ta'aziyya. Na ce masa ya rubuta kawai, domin wadda nake yi wa maganar ba ta taɓa son a rage mata zance ba.

Aliya, da ke nake.

Na san ki tun muna 'yan mata a kambo, bukkokin 'yan ƙwadago da ke gefen gonakin auduga na Jazira. Hannunki ya fi nawa sauri. Kafin rana ta take buhunki ya cika, nawa ko rabi bai kai ba, sai ki faki idon mai lura ki juye mini naki, ki koma farkon kunya ki sake farawa. Na ɗauka ni kaɗai kike yi wa haka. Wata rana na hango ki kina juye wa wata baƙuwar yarinya da ko sunanta ba ki sani ba. Na ɗauke kai, na ƙi yi miki magana har muka koma kambo. Kika bi ni kina dariya, kika ce, "Kubra, ai audugar ba ta ƙare ba." Tun ranar ya kamata in gane irin ƙawar da Allah Ya ba ni: wadda ba a iya riƙe ta a hannu ɗaya, domin kowa na da rabo a cikinta.

Ke kika riga ni zuwa Khartum bayan aurenki da Mainasara, da ya sami aikin walda a Alshajara. Da gona ta daina ciyar da mu, ke kika nema mana fili a jikin gidanku a Mayo, ni da mijina Ishaku. Da aka zo gina katangar da ke tsakaninmu, kika hana a toshe ta gaba ɗaya, kika sa aka bar kafa daidai wucewar mutum ɗaya. Ta wannan kafar wuta ta wuce, gishiri ya wuce, 'ya'yanmu suka yi ta wucewa har suka daina sanin wane gida ne nasu.

Wanda bai gan ki a Suk al-Shabi ba bai san ki ba. Kina zaune ƙarƙashin bishiyar dalbejiya kusa da inda motocin Madani ke lodi, ga murhun gawayi, ga butoci, ga 'yan kujerun igiya kewaye da ke. Direbobi da 'yan kamasho da masu dako duk a wurinki suke karyawa. Matafiyin da aka yi wa sata a hanya, ke ake nuna masa. Da yaƙi ya koro mutane daga kudu suka cika gefen Mayo, kika ɗauko wata mata mai goyo wadda ba ki jin harshenta, ita ma ba ta jin naki, kika koya mata haɗa shayi da nuni, kika ba ta buta da kofuna, kika zaunar da ita dab da ke. Sauran masu shayi suka ce kin yanke wa kanki ciniki. Kika ce tasha ba ta rasa mai ƙishi.

Da mota ta kife da Ishaku a hanyar Madani ya bar ni da 'ya'ya uku, ke kika zauna da ni har na fita takaba. Washegarin fitata kika shigo ta kafar nan da turmi a ka da guntun icen sandal a hannu, kika ajiye a gabana. Kika ce, "Humrar da kakarki ta koya miki, tashi ki daka. Kuka ba ya cika tukunya." Na daka sandal da mahalab da kanumfari da farce kamar yadda kowa ke yi. Amma Khartum cike take da masu humra, ba mai waiwayar tawa. Sai Mainasara ya fara zuwa mini da furen ful daga lambunan bakin kogi a Alshajara, farin furen nan mai ƙarfin ƙamshi da ake jerawa a zare ana sayarwa a bakin titi. Na riƙa jiƙa shi cikin man sandal, ina kwashe na jiya ina zuba sabo, har man ya ƙoshi ya ƙi karɓa. Abin da ya fito daga nan ya raba matan Mayo biyu. Wasu suka ce yana shiga kai kamar ƙusa. Matar limamin unguwarmu ta ce ba turaren mace mai kunya ba ne, domin yakan riga mai shi shiga gida, ya kuma zauna bayan ta fita. Wasu kuwa in sun shaƙa sau ɗaya ba sa ƙara kallon wani. Suka laƙaba masa suna Mai-shela.

Ke kika fara sa shi. Kullum da safe sai ki shafa a laffayarki ki tafi tasha, ki zauna da shi cikin hayaƙin gawayi da na motoci, ya danne su duka. Direba ya sha shayi ya tambaya, ki ce masa, "Na Kubra ne. Saya wa uwargida ka ga aiki." Da haka Mai-shela ya kai Madani, ya kai Kosti, ya kai Sinnar. Da shi na ciyar da marayuna, da shi wannan mai riƙe da alƙalamin ya yi karatu. A shekarun nan, in na ji ƙamshin ful yana tahowa da yamma daga bakin layi, na san ƙawata ta dawo. Ƙamshina ne a jikinki, ba na kowa ba.

Sai Sittana ta shigo.

Bayan sojoji sun karɓi mulki, kasha ta tsananta, wato samamen da ake kai wa masu sana'a a bakin titi, a kwashe kayansu, wani lokaci har da su. Wata rana labari ya iso Mayo cewa an kwashe masu shayin tasha, har da ke. Na rasa inda zan sa kaina. Da la'asar sakaliya aka sake ku, na fito da gudu ba takalmi don in rungume ki, sai na tsaya cak. Ba Mai-shela ke jikinki ba. Wani ƙamshi ne baƙo, na wardi, mai kauri, mai zaƙi har yana neman tayar da zuciya, da miski a ƙarƙashinsa. Ya jiƙe laffayarki sharkaf.

Kina dariya har da hawaye kika ba ni labari. Wata dillaliyar turare daga Omdurman, Sittana ke nan, tana shan shayi a wurinki lokacin da 'yan kasha suka zo. Ta fizge babbar butarki ta ɓoye cikin laffayarta don kada a tafi da ita, suka gani, suka haɗa da ita suka jefa a mota. Da motar ta faɗa rami, kwalbar da ke jakarta ta fashe, ta wanke ku duka. Har wanda aka sa tsaronku ya yi ta atishawa, yana cewa yau matarsa ba za ta yarda daga aiki yake ba. Kika ce, "Wallahi Kubra, da ba don matar nan ba, da na yi kuka a motar." Ban yi dariya ba. Na ce ki tuɓe in wanke miki laffayar. Na wanke ta da sabulu har hannuna ya yi zafi, ƙamshin bai fita ba.

Na san turaren Sittana kafin in san fuskarta. Da ta zo, na so in same ta da aibi. Doguwa ce, mai sanyin magana, 'yar gidan malamai. Kakanninta alhazai ne da suka taso daga Katsina, hanya ta tsayar da su a Omdurman suka zauna. Hausarta ta gauraye da Larabci, rabin zance sai ta tsallaka. Mu 'ya'yan kambo ne, ita 'yar birni. Ta zauna a tabarmata ta ci abin da na dafa, ta shaƙi Mai-shela ta rufe ido ta ce, "Ma sha Allah, ya Kubra, hannunki mai albarka ne." Ko wannan yabon ya ba ni haushi, domin na ga daga zuciyarta ya fito, ban sami abin riƙewa ba.

Jan wardinta ma ya raba mutane kamar nawa. Wasu suka ce kamar an kulle mutum cikin akwatin tsohuwar amarya. Mainasara ya ce yana sa shi tari. Wasu suka ce wannan shi ne turaren manyan mata, nawa kuwa na masu neman a kalle su. Tun daga nan kwalba biyu suka zauna a kantar ɗakinki, fara da ja. Yau ki sa wannan, gobe wancan. Duk shigata ɗakin idona na kansu, ina auna wadda ta fi sauka. Tare suke sauka. Na tambaye ki wanne kika fi so, ba sau ɗaya ba, kullum amsarki guda: "Sha shayinki kada ya huce."

Sa'an nan shekarun nan suka zo da ake tare motoci ana sauke samari a tafi da su aikin soja na dole. Kin ceci yara da yawa a lokacin. Direbobi kan gaya miki inda aka kafa shinge, ke kuma ki raɗa wa duk saurayin da ya zauna a kujerarki ya sake hanya. Ke kika sa aka ɓoye Abubakar Sadiƙ cikin motar kaya aka kai shi Jazira wurin dangi har ƙura ta lafa. Amma Ibrahim Khalil, ɗan Sittana tilo, a can Omdurman aka sauke shi daga mota, inda idonki bai kai ba. Aka tafi da shi kudu. Bayan wani lokaci abokin tafiyarsa ya dawo ya kawo mata labarin rasuwarsa. Ko gawa ba ta gani ba.

Juma'a ranarmu ce, ni da ke. Ba ki fita tasha, mukan zauna a inuwar gidanki mu soya gahawa, mu daka, mu dafa a jabana, 'yar butar gahawa, mu yi ta sha har rana ta juya. Bayan rasuwar yaron nan kika ɗauke Juma'ar kika kai Omdurman. Da safe ki shiga mota ki haye gada, sai magariba ki dawo da ƙamshin wardi. Na bi ki sau da yawa, na yi mata ta'aziyya da zuciya ɗaya, Allah shaida. Amma na ga yadda take ɗora kanta a kafaɗarki, na ga yadda kike shafa mata baya kina magana ƙasa-ƙasa, irin muryar da kika yi mini lokacin Ishaku. Ashe ba tawa ba ce ni kaɗai. Na san ba kyau mai ɗa a raye ta yi kishin wadda nata ya tafi. Na sani, kuma na yi.

Cikin wannan hali aka sa ranar auren Mawahib da Jibirin, abokin aikin mahaifinta a Alshajara. Kowa ya san al'ada: kafin biki mata kan taru don dakan turaren amarya, a daka sandal da mahalab, a turara, a kwaɓa, daga ƙarshe a zuba man furen da zai zama ƙamshin amarya a gidan mijinta. Fure ɗaya ake zubawa. Ban ma ɗauka akwai tambaya ba. Mawahib a hannuna aka haife ta, ni na fara yi mata wanka, ta kafar katangarmu ta koyi rarrafe. Amma magana ta tashi a unguwa. Ƙawayen amarya suka ce Mai-shela, dangin ango suka ce ba za a shigo musu da ciwon kai gida ba, su wardi suke so. Wasu suka ce a haɗa biyun, ni da Sittana muka ce a'a baki ɗaya, kuma shi ne karo na farko da bakinmu ya zo ɗaya, domin duk mai sana'ar ya san in an haɗa su kashe juna suke yi.

Aka tambayi amarya, ta fashe da kuka ta dube ki ta ce, "Ya Yumma, ki zaɓa da kanki. Ba zan iya kallon idon Inna Kubra ba, ba zan iya kallon na Inna Sittana ba."

Ranar dakan, tsakar gidanki cike da mata, kika miƙo hannu biyu. Na ɗiga miki ful a na dama, Sittana ta ɗiga wardi a na hagu. Kika shaƙi wannan, kika shaƙi wancan. Taɓarya ta tsaya. Sa'an nan, ba tare da kin dube ni ba, kika ce, "Wardi."

Aka yi guɗa. Na ɗauki taɓarya na ci gaba da daka, na daka har tafin hannuna ya yi bororo, don kada wata ta ga fuskata. Sittana ta zuba jan manta cikin kwaɓin da na daka da hannuna. A ranar ne na fara ganin ta yi murmushi tun rasuwar ɗanta.

Washegari Mainasara ya tsaya a bakin kafar katanga ya yi sallama. Ya ce, "Uwar Abubakar, kada ki sa abin nan a rai. Matar nan ba ta da ɗan da za ta aurar. Ƙawarki so take ta ba ta abin da za ta riƙe." Na karɓi maganarsa hannu biyu. Na ce lallai haka ne, halin Aliya ke nan, tausayi ne ya zaɓa ba hanci ba. Da wannan na lallashi kaina shekaru, har nakan faɗa wa masu saye cewa ni na bar wa Sittana don Allah.

Da ciwo ya kama ki, ƙafafunki suka kumbura, likita ya ce sai an riƙa wankin ƙoda a kai a kai. A Omdurman aka sami gurbi. Daga Mayo zuwa can tafiya ce mai kashe mai lafiya, balle majinyaci, gidan Sittana kuwa kusa yake da asibitin. Ta share ɗakin Ibrahim Khalil, wanda ba ta bari kowa ya shiga ba tun tafiyarsa, ta shimfiɗa miki. Na ce da Mainasara, "Yanzu a gidan baƙuwa za ta yi jinya, ina raye?" Ya ce, "Wace baƙuwa, Uwar Abubakar?" Sittana ce ta riƙa juya ki, ita ke ba ki ruwa a cokali, ita ta san lokacin da zafi ke tasowa. Ni da na san ki tun ba ki iya ɗaura zane ba, na koma mai zuwa dubiya da kwanon kunu, ana ce mini sannu da zuwa.

Ranar Juma'ar ƙarshe na zo miki da sabuwar kwalbar Mai-shela. Kina kwance a angarib, gadon igiyar nan, kin rame har zobenki na yawo a yatsa. Sittana na zaune wajen ƙafafunki. Kika sa aka tashe ki zaune, kika ce, "Ku saurara, tun ina da baki. Kubra ce za ta wanke ni. Ban yarda wani hannu ya taɓa ni ba sai nata."

Zuciyata ta cika. Na dubi Sittana don in ga ko ta ji. Sai kika ƙara da cewa, "A likkafanina kuma a sa wardi."

Na ce, "Aliya, bikin ya wuce. Tausayin ya isa haka."

Kika ce, "Wane tausayi?"

"Wanda ya sa kika zaɓi nata ranar dakan Mawahib."

Kika yi 'yar dariya, tari ya sarƙe ki, Sittana ta ba ki ruwa. Da numfashinki ya dawo kika kama hannuna kika ce, "Kubra, mai shirin tafiya ba ya ƙarya. Nata nake so. Tun ranar da ya zube mini a motar kasha nake son sa. Naki sara mini kai yake yi, tun ranar farko."

Na ce, "Shekarun da kika yi kina sa shi a tasha fa?"

"Marayu ne a gabanki. Ciwon kai ai ba ya kisa."

"Kwalaben da ke sauka tare fa?"

"Mainasara ke son naki. A matashinsa nake zubawa." Kika matse hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage miki. "Ke ce ƙawata tun gona, ba mai karɓe miki wannan. Amma hancina bai san ƙawance ba."

Sittana ta sunkuyar da kai, ta tashi ta fita ta bar mu. Na zauna da kwalbata a cinya. Ban san wanda zan fara ji ba, godiya ko ɗaci. Mace ta zauna cikin rana shekara da shekaru kanta na sarawa don 'ya'yana su ci, ba ta taɓa ko yamutsa fuska ba. Wannan matar kuma ita ce ke gaya mini abin da na fi alfahari da shi a duniya bai taɓa yi mata daɗi ba. Na yi kuka, kika bar ni na yi, kina shafa bayan hannuna da babban yatsa. Da zan tafi kika ce, "Kin yi fushi?" Na ce, "Na yi." Kika ce, "To, ki dawo da fushin ranar Talata, ki zo mini da kunun gyaɗa."

Ranar Litinin aka yi ruwa mai yawa, hanyoyin Mayo suka zama tafki. Da safiyar Talata na ratsa taɓo har gwiwa da kwanon kunu a ka kafin in sami mota. Muna kan gadar Omdurman, cunkoso ya tsayar da mu, ina kallon kogi ya cika ya yi ja, a daidai lokacin kika cika. Kanki na kan cinyar Sittana. Ita ta laƙƙana miki kalmar shahada, ita ta rufe miki ido. Na iso na tarar da takalma a ƙofar ɗaki, kunun da ɗuminsa.

Saboda ruwan da ya yanke hanya, Mainasara ya ce a yi sutura a Omdurman. Har ƙasar da za ki kwanta ta zama ta wajenta.

Na wanke ki kamar yadda kika ce, Mawahib na zuba mini ruwa. Na wanke hannayen nan da suka juye mini auduga, ga tabon gawayi a yatsunsu. Na tsefe miki kai na kitse. Da aka zo sa turare na aika a kira Sittana. Ta zo bakin ƙofa, ta durƙushe a nan. Ta miƙo mini jar kwalbar, ta ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, ba zan iya ba. Sa mata da hannunki." Tawa kwalbar na cikin jakata, ba mai gani sai Allah da yarinyar da hawaye ya rufe wa ido. Na buɗe ta Sittana. Na shafa miki a goshi da tafin hannu da gwiwoyi, na yayyafa a likkafani, ban rage ko ɗigo ba. Abin da kika zaɓa shi kika tafi da shi.

Kwana da kwanaki ƙamshin bai bar hannuna ba. Ina zaman makoki a gidanki a Mayo, mata na shigowa suna gaisuwa, ni kuwa sai in kai tafin hannu hanci a ɓoye cikin laffaya. Da ya fara gushewa hankalina ya tashi. Na buɗe Mai-shela na shaƙa, na ji ƙamshin aikina, ban ji ki ba. Na shiga ɗakinki na ɗauki laffayarki ta ƙarshe, wardi ne. A nan na gane abin da kika bar ni da shi: duk ranar da na so jin ƙamshin ƙawata, sai na haye gada na roƙi Sittana.

Juma'ar da ta wuce na haye. Na same ta zaune a ƙofar ɗakin da ɗanta ya bari, ke ma kika bari. Ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Ta shiga ta fito da ƙaramar kwalba ta sa mini a hannu, ta hura gawayi ta ɗora jabana. Muka fara sha. Can ta ce, "Kullum zancenki Aliya take yi. Kubra ta ce, Kubra ta yi. Har nakan ji haushi." Na dube ta na ce, "Ke ma?" Ta ce, "Wallahi." Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata. Gahawarta ba ta kai taki ba, ban ɓoye mata ba.

Ya Allah, ga baiwarKa Aliya ta zo gare Ka. Ta shayar da mai ƙishi, ta rufa asirin gwauruwa, ta tsare 'ya'yan mutane, ta ɗauki ciwo ta yi shiru don wani ya ci. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa mata tambaya, Ka shayar da ita daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka sa ƙamshin Aljanna ya riske ta tun daga makwancinta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Mainasara, Allah Ya ba shi haƙurin rashin abokiyar zama ta gari. Ga Mawahib da mijinta Jibirin da 'ya'yansu, Allah Ya albarkaci bayanta, kafar katanga tana nan a buɗe. Ga dangin Muhammad Sani na Jazira, da masu shayin Suk al-Shabi, da direbobin da har yanzu ke tsayawa ƙarƙashin dalbejiyar su yi fatiha, Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ita kuwa Sittana, Allah Ya saka mata da alheri kan jinyar da ta yi, Ya jiƙan ɗanta, Ya sanyaya zuciyarta. Allah Ya ba ta lafiya, Ya ja kwananta, Ya ba ta tsawon rai mai yawan gaske. Ni ba gaggawa nake yi ba, Aliya. Amma in Allah Ya nufa mu haɗu a gidan rahama, ina roƙonSa in riga ta isowa.